Bakin da Wade Ya Hana Ni Buɗewa

Ranar da Wade ya fara ganin Lacey, kofi ya zubar a wandonsa. Ina zaune a gefensa, don haka kada wani ya zo ya ce min ba haka aka yi ba.

Wade ɗan ƙanena ne, ni na rene shi tun da uwarsa ta rasu. A ramin kwal ya ji ciwon baya, kamar rabin mazan wannan yanki namu na duwatsun Kentucky. Likita ya rubuta masa ƙwaya. Ciwo ya tafi, ƙwaya ta ƙi tafiya. Ta cinye masa aiki, ta cinye masa lasin tuƙi, saura kaɗan ta cinye shi. Da Allah ya dube mu, asibitin masu barin shaye-shaye da ke bakin gada ya karɓe shi. Ba a kwantar da mutum a can. Da sassafe ka je ka bi layi, ka sha maganinka a gaban nas, ka wuce wurin aikinka, ka kwana a gidanku. Sai kuma taron 'yan'uwa masu irin wannan fama duk yammacin Alhamis, a garin da ke bayan dutse. Ni ce direbarsa, da tsohuwar motata mai tari.

Tsallaken asibitin akwai shagon abinci. A nan muka zauna ran nan, sai ga yarinya da butar kofi, gashi a ɗaure, fensir a bayan kunne.

"Goggo Wilma, me za a kawo miki ke da wannan dogon?"

Wade ya ɗaga ido zai amsa. Sai ya tsaya kallonta. Ya miƙa kofinsa, ta zuba, ya manta cewa yana riƙe da wani abu.

"Dogo," in ji ta tana dariya, "sha ake yi, ba wanka ba."

Ya ce, "Yi haƙuri. Hannun ne ya ga abin da ya fi ƙarfinsa."

Na ce a raina, to, shi ke nan, na ƙara samun aiki.

Tun daga ranar, yaron da ba ya karyawa ya koma mai cin ƙwai da gasasshen burodi kullum. Da bazara ta yi nisa, ita da kanta ta ce ya raka ta kamun kifi a tafki. Ya ajiye cokali.

"Lacey, kin ga ginin can? Daga can nake fitowa kowace safiya."

"Tagar nan ƙofar take kallo, Dogo. Ina da ido."

"Mai ba ni shawara ta ce kada in fara soyayya sai na shekara ban taɓa komai ba. Wai zuciya ma sai ta koyi tsayuwa da ƙafarta tukuna."

"Yaushe shekarar za ta cika?"

"Sai ganye ya fara zuba."

Ta goge teburin da ba shi da datti, ta ce, "To, kofi dai ba soyayya ba ne. Ka ci gaba da zuwa."

Haka suka yi ta wannan soyayyar da ba soyayya ba. Ita ce daga baya ta karanta min saƙonninsu, muna ta dariya a kicin.

"Zumata, yau na gyara rufin gidan fasto ban faɗo ba. Ba kewarki nake yi ba, an hana. Kofin nake kewa."

Ita kuma ta mayar: "Kofin ya ce shi ma yana kewarka. Ya ce ka sa hula, rana ta yi zafi, Dogona."

Ranar da shekara ta cika, a wurin taron suka ba shi wani kwabo na tagulla da ake ba wanda ya kai nan. Bai bari mun je gida ba. Ya shiga shago ana tsakar ciniki, ya ɗora kwabon a tafin hannun Lacey.

"Wannan ba ya sayen ko alawa," in ji shi, "amma ban taɓa mallakar abin da ya kai shi tsada ba. Yanzu zan iya faɗa. Ina son ki, Lacey."

"Kai, ka daɗe!" in ji ta, ga hawaye ga dariya. Direbobin manyan motoci da ke cin abinci suka hau tafi.

To, ga inda raina ya ɓaci.

Uban Lacey shi ne Vernon Combs, mai shagon kayan gini, dattijon cocinmu, mutumin da ko tari zai yi sai ya gyara kwala. Kuma ni, duk Alhamis, ina zaune a mota ina saƙa a bayan ginin da ake taron, ina ganin koriyar akori-kurarsa ta zo ta laɓe a gindin bishiya. Ya fito, hula a kan hanci, ya shige. Da na tambayi Wade tun farko, sai ya ce, "Goggo, ba ki ga kowa ba. Dokarmu ce, ba a fita da sunan kowa daga ɗakin taronmu."

Akwai kuma wani Dustin, ɗan mai sayar da motoci, da ya daɗe yana bin Lacey da turare kamar an yi ɓarinsa. Shi ya laɓe ya ɗauki hoton Wade a layin magani, ya yi ta nuna wa mutanen coci a waya. Ran Lahadi, muna cin abincin bayan sujada a zauren coci, ga soyayyar kaza, ga wake, ga burodin masara, Wade ya je gaban Vernon cikin ladabi ya ce yana son ya zo gida su yi magana.

Vernon ya dubi mutane suna kallo, ya ɗaga murya.

"Ba maganar da za mu yi. 'Yata ba za ta auri ɗan ƙwaya ba. Irinku ba ku warkewa, hutu kawai kuke yi."

Na miƙe da ludayin wake a hannuna. Wallahi maganar tana kan harshena, da koriyar motar, da bishiyar, da hular. Ni ba 'yar taronsu ba ce, ba wanda ya rantsar da ni. Sai na ji Wade ya damƙe min wuyan hannu.

"Goggo, zauna."

"Sake ni in gaya wa wannan munafukin..."

"In kika faɗa, ba za ki ƙara kai ni ko'ina ba."

Na zauna. Ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci irin na ranar ba, kuma na binne miji biyu.

Lacey ta yi fushi, ba da ubanta kaɗai ba. Ta rubuto: "Ka tsaya kamar an dasa ka. Ko kalma ɗaya ba ka faɗa saboda ni ba. In ba ka shirya ba, ka zo ka karɓi kwabonka."

Ya mayar: "Riƙe shi, Zumata. Akwai abin da ba nawa ba ne, ba zan iya ba ki ba. Amma ba ƙarya tsakanina da ke."

Ba ta amsa ba. Dustin ya samu ƙofa, ya je shago da furanni. An ce ta zuba masa kofin jiya, ta ce ya kai furannin kabarin kakarsa, ta fi bukata.

Alhamis ta zo, ba koriyar mota. Wata Alhamis ta sake zuwa, gindin bishiya wayam. Na ce, "Madalla, kunya ta kama shi." Wade bai yi murna ba. Washegari ya ce in kai shi shagon Vernon. Na bi shi ciki, na tsaya wajen gwangwanayen fenti kamar mai zaɓe.

"Me ka zo yi?" in ji Vernon. "In barazana ce, faɗi farashinka."

"Baba Vernon, kujerarka ta yi Alhamis biyu ba kowa. Na san saboda ni ne. Na nemi a mayar da ni taron ranar Talata, can wani gari. Ka koma naka. Ba wanda zai ji komai daga bakina, ko ka ba ni Lacey ko ka hana ni. Amma kada ka zauna kai kaɗai da wannan abu, ka fi ni sanin yadda yake yi wa mutum."

Vernon ya riƙe kanta da hannu biyu.

"Jiya na tsaya a ƙofar shagon giya," in ji shi a hankali. "Na fi shekara ashirin rabona da ita. Ban shiga ba, amma na tsaya." Ya share fuska. "Uwar Lacey ta sha wuya a hannuna kafin in daina. Yarinyar tana goye, ba ta san komai ba. Da na dube ka, kaina na gani, sai tsoro ya kama ni."

Nan na fito daga bayan fenti.

"Tsoro ko? To ka ji, Vernon. A gaban kaza da wake ka ci mutuncin yarona, a gaban kaza da wake za ka wanke shi. Ba a lungun shago ba."

"Goggo!" in ji Wade.

"Ba sirrinsa na ce ya faɗa ba. Haƙuri na ce ya bayar. Wannan kam hakkina ne."

A daren Vernon ya zaunar da 'yarsa ya gaya mata komai. Sai ga saƙo ya shigo wayar Wade muna cin tuwon masara: "Dogona, yanzu na gane. Ka yafe min. Gobe ka zo, kofin ya yi kuka har ya huce."

Ran Lahadi Vernon ya miƙe a zaure, ya buga cokali a jikin kofi. Ya ce, "Wade Tackett, na zalunce ka a nan, ina neman gafara a nan."

Na ce, "Ɗaga murya, kunnena na hagu ba ya ji."

Ya maimaita da ƙarfi. Sannan ya yi abin da ban nema ba. Ya zaro nasa kwabon daga aljihu, duk ya goge don daɗewa, ya ɗaga shi sama.

"Ni ma ɗan taron masu barin shaye-shaye ne. Yaron nan ya sani, ya rufa min asiri a ranar da na tona nasa. In akwai wanda ya fi shi cancantar 'yata, ni ban san shi ba."

Matar fasto ta fashe da kuka. Wani tsoho a can baya ya laluba aljihunsa, shi ma ya ɗaga nasa kwabon. Sai ga na uku, wata malamar makaranta. Ashe suna da yawa a cikinmu, kowa yana ɓuya wa kowa.

An ɗaura aure da ganye ya sake tohowa, a bakin tafkin da ba su samu zuwa kamun kifi ba. Da safen ma sai da ango ya bi layinsa ya sha maganinsa, amma shi ya tuƙa kansa, lasin ya dawo. Ruwan tuffa aka sha, aka yi rawa da goge har ƙafata ta kumbura. Vernon ya kawo amarya, yanzu kuma Wade ya fasa taron Talata, duk Alhamis mota ɗaya suke shiga shi da surukinsa, ba mai laɓewa a gindin bishiya.

Saura Dustin. Har yau bai zo ya ba da haƙuri ba. Ya san gidana, mai shuɗiyar ƙofa ne bayan gidan mai, kuma ba na fita da rana. Ina jira.

Ku kuwa, Wade da Lacey, Allah ya sa albarka a gidanku, ya tsare muku safiyarku ɗaya bayan ɗaya, ya ba ku 'ya'ya masu riƙe amana kamar ubansu. Amma ko ɗaya a cikinsu ya ɗauko bakina, don gidan da kowa ke da haƙuri irin na Wade, sai an samu mai tsaya musu.