Ragowar Langar Maiwada

Wanda bai taɓa zaman jiran a kore shi daga aiki ba, akwai gajiyar da bai sani ba. Gajiyar ɗaukar buhu barci na maganinta, amma ta mutumin da ya wuni yana satar kallon ƙofar ofis ba ta da magani. Na yi wannan zaman tare da Maiwada a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan garin Talata Mafara. Abin da zan faɗa da bakinsa ya gaya mini, a lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani.

A shekarar da man gas ya yi tsada, manoman Maradun da yawa suka gudu suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga. Shinkafar da za a casa ta yi ƙaranci, kamfani ya fara rage ma'aikata. Da a rana ɗaya suka yi korar, da mun huta. A'a, kowane ƙarshen wata sai a kira wasu, su shiga ofis suna gyara hula, su fito ba sa iya haɗa ido da kowa. Mu da muka rage ba murna muke yi ba. Waya ta yi ƙara gabanka ya faɗi, manaja ya amsa gaisuwarka a daƙile ka kwana kana juya ta a rai.

Abu ɗaya ya rage mana na daɗi, shi ne ciyayya. Bayan sallar azahar mukan zauna a gindin dogon yaro, ni da Maiwada mai awo a sikeli, da Lawal mai kula da inji, da Sadi na sito. Kowa ya buɗe abin da matarsa ta zubo masa, a ce bismillah, hannu ya shiga ko'ina. Langar Maiwada ta fi ta kowa farin jini, don matarsa Lami ta iya girki.

Shi kuwa Maiwada tsoronsa ya fi namu, domin burinsa ya fi namu. Ya daɗe yana ganin kansa a cikin mota. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Lami ta sha ce masa, "Malam, in sunka kore ka, ai ba su toshe ƙofar Allah ba. Muna da hannuwa." Sai ya dubi 'ya'yansa, Husna da ƙanenta Sulaiman, ya ce mace ba ta san zafin nema ba.

Wani direban babbar mota ne ya kwatanta masa boka a wani ƙauye can bayan dam, ta wajen Maradun. Aka ce ya zo da rana tsaka, ya kuma zo da abin da yake cin abinci a ciki.

Ya tarar da wata tsohuwar tsamiya wadda ko tsuntsu ba ya sauka a kanta. An ɗaure gindinta da jan ƙyalle da ya koɗe. Tukwane ne a kife kewaye da ita, gashin kaza ya manne a jikinsu da busasshen jini. A ƙarƙashi akwai bukka mai gajeriyar ƙofa, dole mutum ya shiga da rarrafe. A waje rana kamar ta fasa dutse, a ciki sanyi har cikin ƙashi, ga warin turare da na ruɓaɓɓen nama. Wani tsoho na zaune a kan fatar baƙin bunsuru, bai amsa sallama ba.

Ya ce, "Mi yak kawo ka?"

Maiwada ya ce, "Baba, aikina nika son a tsare min. Korar mutane akai."

"Shi ke nan?"

Maiwada ya ce, "In da hali, a ɗan ɗaga ni."

Tsohon ya yi dariya ba sauti. "Ashe ba tsoro ɗai yak kawo ka ba. To, saurara. Ni ba ni ƙera arziki, ɗauko shi nikai daga hannun wani."

"Ni dai ba ni zub da jini, Baba."

"Wa yac ce ka yanka wani? Ciyar da mutane za ka yi. Miƙo langa."

Ya kifa ta a ƙasa, ya murɗe wuyan baƙin zakara a kanta, ya kwaɓa jinin da toka ya shafe gindinta yana kiran wasu sunaye da Maiwada ya ce har gobe ba ya son tunawa. Da ya ɗaga ta, babu ko ɗigo a jiki, ta shanye.

Ya ce, "Duk hannun da yash shiga wagga langa, rabon mai shi ya dawo gare ka. Kada ka ambaci sunan Allah a kanta, ka ce dai a zo a ci."

"Wane rabo za a ɗauka?"

"Kowa da abin da yaka riƙe da shi. Mai aiki, aikinai."

Maiwada ya ji an ce aiki, hankalinsa ya kwanta. Bai tambayi abin da za a ɗauka a wurin wanda ba shi da aiki ba, boka kuma bai ga dalilin gaya masa ba. Ya dai ƙara da cewa, "Ragowa ka zuba ta ga ruwa mai gudu, ka wanke da hannunka. Kada ta kwana."

Mun lura ya daina cewa bismillah, amma wa zai tsaya wa'azi ga shinkafa da miya a gabansa? Sadi aka fara kira ofis. Watan da ya biyo, Lawal. Ni na fi su daɗewa, don ciwon ciki ya hana ni cin mai yaji, amma ranar da Lami ta yi dambu na kasa haƙuri. Ban kai ƙarshen watan ba. Maiwada ya rako ni har bakin titi yana ba ni haƙuri, idonsa da hawaye. Na yarda hawayen gaskiya ne, kuma shi ya fi ƙona mini rai da na san komai.

Duk wanda aka kora, sai a haɗa wa Maiwada aikinsa a ƙara masa albashi. Aka ba shi sito, aka ba shi kwangilar sayo shinkafa daga Bakura. Ya sayi mota, ya rushe gidan ƙasa ya gina na bulo. Ya canza langa? Ina! Mutane har yabonsa suke yi, wai arziki bai sa ya raina tsohon kwanonsa ba.

Bayan tafiyarmu ya riƙa gayyatar sauran ma'aikata. Sai dai masu ci suna raguwa, ragowa tana ƙaruwa. Da can loma biyu ce yake zubarwa a kwatar ruwan ban-ruwa da ke bayan kamfani, ba mai kula. Yanzu rabin langa ce da nama. Wata rana wata tsohuwa cikin masu tsintar tsakin shinkafa a bakin ƙofa ta kama shi yana juyewa. Ta tara masa jama'a, tana cewa, "Ɗan nan, ba ka jin tsoron Allah? Abinci kaka zubarwa, ga 'yan gudun hijira sun cika gari?" Kunya ta kama shi. A garinmu gara a ce kai ɓarawo ne da a ce kana wulaƙanta abinci.

Washegari ya rufe ragowar ya taho da ita gida, da niyyar in ya huta ya fita bayan gari ya zubar inda ba ido. Ya ajiye a zaure. Kafin ya zauna manaja ya kira shi a waya, wai motar kamfani ta lalace da kaya a hanyar Bakura. Ya fita a gurguje, bai dawo ba sai da hantsi.

Lami ta yi abin da kowace matar kirki za ta yi. Ta ga ragowar maigida, kuma tun iyaye da kakanni ragowar uba ta 'ya'ya ce, albarka ake nema a ciki. Ta yi ɗumame da safe ta mayar a langar, ta zaunar da yaran suka ci. Ita kuma ta suɗe abin da ya manne a gefe.

Da ya shigo ya ga langa a wanke a kife kan turmi, sai ya ƙwala wa Lami kira. Ya ce, "Lami, wa yac ci?"

Ta ce, "Ɗiyanka mana. Wa za ya ci?"

Yaro ba shi da aiki, ba shi da gona. Abin da yake riƙe da shi rai ne kawai. Sulaiman ya kwanta da zazzaɓi a ranar, asibiti suka auna ba su ga komai ba. Ranar da aka kai shi makwanci aka ƙara wa Maiwada girma. Husna ta bi bayan ƙanenta kafin a share makoki. Lami ba ta mutu ba, hankalinta aka ɗauka. Takan zauna a tsakar gida ta zuba abinci a kwano biyu tana kiran yaran, har danginta suka zo daga Jangebe suka tafi da ita a ɗaure.

Ya koma wurin boka yana kuka. Tsohon ya ce, "Abin da anka ci ba ya komawa tukunya. Ka roƙi aiki, an ba ka. Ba mai korar ka har ka mutu."

Haka kuwa aka yi. Ya nemi ajiye aiki, masu kamfani suka ƙi, suka ƙara masa kuɗi. Daga baya injuna suka tsaya gaba ɗaya, aka sallami kowa har manaja, aka bar Maiwada shi kaɗai yana kula da ginin, albashinsa na shiga ba fashi.

Mu da aka kora mun sha wuya, ba zan ɓoye ba. Na koma noman albasa a Bakura, akwai lokacin da sai da na sayar da babur. Lawal yana gyaran injin ban-ruwa, Sadi yana awo a kasuwa. Amma kowannenmu in ya koma gida akwai mai cewa sannu da zuwa Baba.

Na je kamfanin na gan shi bara, a nan ne ya ba ni labarin. Ciyawa ta cinye harabar, shi kuma ya tsufa kafin lokacinsa. Da zan tafi ya ce, "Bello, da ma sun kore ni tare da ku."

To, kai da ke zaune yau kana kallon ƙofar ofis, ina da abin ce maka. Kora ba mutuwa ba ce. Ka ji tsoronka, ka yi addu'arka, ka fara neman wata sana'a tun yanzu. Kada kwaɗayi ya hau kan tsoron ya kai ka inda ake shiga da rarrafe. Duk wanda ya ce zai tsare maka abincinka da rabon wani, ka tambaye shi wa zai rage a gidanka ya ci.