Rubutun da Sitika Ta Rufe

A nan Bidart, garinmu na bakin teku, ka taka ƙafar mutum a kasuwa zai yafe maka, amma ka shiga gabansa a kan igiyar ruwan da ya riga ka kamawa, sai dai Allah ya kiyaye. Abin da Manex ya yi wa Garazi ke nan ranar da suka fara haɗuwa. Ta miƙe a kan allonta na hawan igiyar ruwa, igiyar tata ce, sai ga shi ya faɗo mata gaba kamar an jeho shi. Suka yi karo, hancin allonta ya tsage.

Ta fito gaɓa tana huci.

"Kai makaho ne ko ɓarawo?"

"Ɓarawo dai," in ji shi, yana tofar da yashi. "Kallonki na tsaya yi har na manta da kaina. Kawo allon, sana'ata ce."

Sana'arsa ce kuwa. A wani tsohon gareji bayan coci yake sassaƙa allunan hawan igiyar ruwa. Ya gyara mata nata, ya ƙara da sabo ba ta roƙa ba. Tun daga ranar sunansa a wayarta Ɓarawo, shi kuma yana ce mata Maitea, wato masoyiya.

Shekarar Garazi ashirin da uku, shida a ciki ta yi su tana neman shiga babbar gasar duniya, kullum sai ta kai bakin ƙofa a rufe. Kamfanin kayan ruwa da ke ɗaukar nauyinta ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye: bana ce ta ƙarshe, akwai 'yan shekara sha bakwai a layi. Wakilinsu Sylvain ne ya kawo saƙon, haɗe da furanni, don shi ma yana da tasa manufar.

Mahaifinta Pantxoa, tsohon masunci, shi ne kocinta, shi ne direbanta.

"Ba na ƙin yaron," ya ce mata. "Amma alƙalai ba sa ba da maki a kan soyayya. Ki bar gareji sai bayan gasa."

"Aita," ta ce, wato baba, "allunan kamfani ba sa jin ƙafata. Nasa kawai ke ji."

A nan ya sassauta. Shi zai riƙa karɓo allunan Manex, ya rufe tambarinsa da sitikar kamfani. Ana yin haka, kowa ya sani, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba.

To, masu sassaƙa suna da al'ada. Kafin su zuba ƙaron da ke rufe allo, sukan rubuta tsawonsa da faɗinsa da sunan mai shi da fensir a cikinsa. In ƙaron ya bushe, rubutun ba ya goguwa har abada. A kan wani jan allo Manex ya ƙara layi biyu, ya miƙa wa Pantxoa allon.

Mako biyu bayan haka Manex ya kalli gasarta ta Fotugal a waya. Ta ɗaga jan allon, sai ya ga sitika ƙatuwa a tsakiyar cikinsa, inda ba wanda ke liƙa sitika. Gefenta kuma ga Sylvain yana washe baki.

Ya rubuta mata: "Na ga amsarki. Allah ya ba ki nasara."

Ta mayar masa: "Wace amsa? Ɓarawo, ka ɗauki waya."

"Don Allah ka ɗauka. Me na yi?"

Bai ɗauka ba. Mutanenmu akwai taurin kai, gara su haɗiye wuƙa da su tambaya sau biyu. Wata biyu Garazi tana shiga ruwa kamar wadda aka aika, tana fita da wuri a kowace gasa. Ta rame, ta daina dariya, ni kaina in na gan ta a gidan burodi sai in kau da kai don tausayi.

Saura gasar Hossegor, wani gari kusa da mu, ta ƙarshe a shekara. Sai ta kai zagayen ƙarshe za ta samu gurbi. Igiyar can a kan yashi marar zurfi take fashewa, cin allo take kamar tuwo. Da safe ta karya mata allo ɗaya. Da rana jan allon ya rabu biyu, da ƙyar ta tsallake. Saura awa uku a shiga zagaye na kusa da ƙarshe, ba ta da sauran allon Manex ko ɗaya.

Ta zauna a yashi rungume da rabin allon tana kuka. Ruwa ya ɗaye gefen sitikar, ta hango fensir a ƙasa. Ta fizge ta, ta karanta.

"Garazi, ba ni da komai sai hannuwana. Ki aure ni. In kin yarda, ki bar wannan a buɗe."

Ta ɗago ta dubi mahaifinta. Ya sunkuyar da kai.

"Na gani," ya ce. "Cewa na yi hankalinki zai rabu biyu. Na so in gaya miki bayan gasa."

"Aita, ai ya rabu. Wata biyu ke nan. Kai ka raba shi."

Ta rubuta wa Manex: "Yanzu na karanta. Aita ne ya rufe, ban taɓa gani ba. Ba ni da allo, ba ni da kai, saura awa uku. Ka zo."

Shiru. Ta sake turawa, shiru. Da ta waiwaya, Pantxoa ba ya nan, motar ma ba ta nan.

Ta yi ta zarya tsakanin ruwa da hanya. Aka kira sunanta sau ɗaya. Saura minti goma sai ga tsohon yana gudu a yashi, irin gudun da bai yi ba tun yana saurayi, Manex na bayansa da farin allo a hammata.

"Alluna biyar na tarar a garejin!" Pantxoa ya ce yana haki. "Kowanne da sunanki, kowanne da maganar nan. Yaron nan ba shi da lafiya."

"Ni na ji an ƙi ni," in ji Manex. "Hannuna ne bai ji ba. Wayar kuma tana aljihun riga, Maitea, ina cikin ƙura."

Sylvain ya tare ta da sitika a hannu.

"Ki rufe tambarin nan da rubutun, ko yarjejeniyarmu ta ƙare yau. In kika faɗi, ba ki da kowa."

Garazi ta dubi sitikar, ta dubi ruwa. Tsoro take ji, ba ƙarami ba. Ta ɗaga allon sama, rubutun a fili, ta wuce shi.

Minti ashirin da tara abokiyar karawarta na gaba. Garazi na buƙatar maki bakwai, teku kuma ya yi lif kamar da gayya. Pantxoa ya riƙe wuyan rigar Manex bai ma sani ba. Saura daƙiƙa arba'in wata igiya ta taso, baƙa, mai kauri. Ta kama ta, ta miƙe, ruwan ya naɗe a kanta ta ɓace. Muka daina numfashi. Can ta fito ta ɗaya bakin a tsaye, ƙahon cikar lokaci na busawa.

Alƙalai suka ja mana rai kafin su faɗa. Bakwai da ɗigo uku.

Ba ta jira a ɗauke ta a kafaɗa ba. Ta ratsa mutane ta dangwara wa Manex allon a ƙirji.

"Ga shi a buɗe, Ɓarawo. Ko sai na karanta maka?"

Da bazara aka ɗaura auren a ofishin magajin gari, aka ci cukun tumaki da kek mai 'ya'yan itacen ceri har aka gaji. Pantxoa ne ya kawo rabin jan allon, ya kankare sauran gam ɗin da farcensa, ya kafa shi a ƙofar garejin inda duk mai wucewa zai karanta.

"Na rufe sau ɗaya, ya ishe ni," ya ce, yana share ido. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, teku ya riƙa dawo mana da ita gida."

Muka ce amin.