Inda Ba A Jin Kukan Mutum

"Tsaya! Tsaya nan, danna fos!"

Siddiq ya danna. Hoton ya daskare a fuskar talabijin yana ɗan rawa. Timoti ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Wannan dutse na san ta," in ji shi. "Kana fita Jos kaɗan, hannun hagu. Na taɓa yin faci a gindinta, Allah kuwa!"

"Ka tabbata? Kada ka sa in rubuta ƙarya."

"Shekara tara ina jan Fijo a hanyan nan, kai kana ɗaki kana ƙona yatsa da waya. Rubuta, malam!"

Siddiq ya rubuta a littafin makarantar da ke kan cinyarsa. Ranar Lahadi ce da la'asar, cikin watan Fabrairu na 1998, a ɗakinsa da ke unguwar Sarkin Dawaki a Jalingo. Gyaran rediyo da bidiyo ne sana'arsa. Timoti kuwa maƙwabcinsa ne tun suna yara, daga coci ya zarce nan ko takalmi bai canza ba. Sun kalli kaset huɗu na wani fim, suna tsayarwa suna mayarwa baya, suna neman allon hanya ko lambar mota. Sun gano gadar jirgin ƙasa ta kashi na ɗaya, sun gano duwatsun da suka hau kan juna na kashi na biyu. Magangarar ruwan kashi na uku ce ta ba su wahala, sai a rubutun godiya na ƙarshen kaset suka tsinci sunan ƙauyen da take.

"Numan, Gombe, Bauchi, Jos," Timoti ya lissafa da yatsu. "Mu ɗauki jarka biyu, mai yana wuya. Filan ya yi. Saura amarya."

Siddiq ya rufe littafin. Ya dubi jeren kwanukan matarsa Ruwaida a kabad, wata huɗu ke nan ba hannun da ya taɓa su.

Fim ɗin na Ruwaida ne tun asali. Shekarar farko ta aurensu ta kalle shi har ta haddace, tana riga ƴan wasan magana. A kashi na uku akwai inda jarumar ta rasa ɗan'uwanta, ta tafi gindin wani ruwa mai faɗowa daga kan dutse, ta buɗe baki ta yi ta ihu, amma ba abin da mai kallo ke ji sai rugugin ruwa. Ruwaida takan yi dariya a wurin ta ce, "Injiniya, wannan ta samu wurin ɓuya! Wata rana sai ka kai ni."

Da cikinta ya tsufa aka tafi da ita Iware, gidan iyayenta, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta haifi mace, aka sa mata Suwaiba. Kwana talatin da uku yarinyar ta yi a duniya, zazzaɓin kwana biyu ya tafi da ita. Siddiq da kansa ya ɗauke ta zuwa makwancinta, ya ji ba ta kai nauyin ƙaramar rediyon da yake sagalawa a kafaɗa ba.

A gidan su Ruwaida, Fulani ne na asali, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya rasu kuma ba a ganin hawayenta. Ruwaida ta riƙe wannan tsaf. Mata suka yi ta yabonta, wai ƴar gidan Baffa Hammanjoda ta nuna tarbiyya. Sai dai tun daga ranar abinci ya daina wuce mata, magana ta ƙafe a bakinta. Iyayen suka ce ba za ta koma ɗakinta ba sai ta warware.

Juma'ar da ta wuce, da Siddiq ya je dubiya, ta fito zaure tana dafa bango. Ta ce a hankali, "Wurin nan na kashi na uku, da gaske akwai shi?"

Ita ce maganarta ta farko gare shi cikin mako uku. Bai tambaye ta dalili ba, don ya sani.

Juma'a ta zagayo, ya hau babur ya nufi Iware da littafinsa a aljihu. Suruki ba ya zama fuska da fuska da uban matarsa a gidan, saboda haka duk maganar da zai yi sai ta bi ta wurin Goggo Mero, yayar Baffa, doguwar tsohuwa mai kaifin ido. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Jam, jam," ta amsa. "Me ke tafe da kai?"

Ya kwashe bayani ya yi mata, kansa a sunkuye. Kwana uku kacal. Mota mai lafiya, direba sananne. Canjin iska.

"Fim?" Goggo ta tafa hannu. "Fim, Siddiq! Yarinya ta rasa ɗiya ko wata uku ba a yi ba, a ji ta a Jos tana kallon duwatsu? Dutse ne babu a Taraba? Me mutanen Iware za su ce da mu?"

"Goggo, ba yawo ba ne, ita ce take so ta..."

"Ta me?"

Kalmar tana bakinsa, amma ina! Ya zai dubi tsohuwar nan ya ce ƴarku kuka take so ta yi? Tamkar ya ce tarbiyyar da suka yaba ƙarya ce.

"Ni na binne uku," in ji Goggo. "Wa ya ga hawayena? Ga ni a tsaye. Ana yi mata rubutu, ana ba ta saiwa. Ka je ka yi haƙuri."

Da Timoti ya ji labarin suna zaune a motarsa, sai da ya buga sitiyari. "Matanka ne fa! Ka aure shi da shaidu! Mu je da sassafe, ta fito kamar za ta rijiya, mu ɗauke ta, shi ke nan!"

"In na sace ta yau, gobe da wane ido za ta shiga gidan ubanta? Ta rasa ƴa, kuma in raba ta da iyaye?"

"To ka zauna kana kallo har ta mutu?"

Siddiq ya fita daga motar.

Mako biyar ya yi yana zarya. Kowace Juma'a ya durƙusa gaban Goggo ya sake roƙo, kowace Juma'a ta ce a'a. In Ruwaida ta samu fitowa, sai ya buɗe mata littafin ya nuna mata hanya da yatsa: nan za mu haye gadar Numan, nan za mu yi azahar, nan Timoti ya ce akwai mai tsire. Takan bi yatsan da ido, wani lokaci leɓenta ya motsa kamar za ta yi murmushi. Awarwaronta da a da yake tsayawa a wuyan hannu, yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. An kai ta asibiti a Jalingo, likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba. Siddiq yakan koma shago ya buɗe cikin rediyon mutane, ya gano wayar da ta tsinke ya haɗa, sannan ya zauna yana kallon hannayensa.

A Juma'a ta shida ya tarar gidan shiru. Ashe da safe Ruwaida ta yanke jiki ta faɗi a bakin turmi. Yana durƙushe a zaure sai ya ji gyaran murya daga bayan zana. Muryar da bai taɓa ji ta ambaci sunansa ba tun ranar ɗaurin aure.

"Siddiq."

"Na'am, Baffa!"

"Sau shida ka zo ka roƙa. Da wani ne, da tuni ya kai mu gaban alƙali." Numfashin tsohon yana fita da nauyi. "Ni ban san fim ba. Abin da na sani ya ƙare. Ka kai ta. Amma Mero za ta bi ku."

Ranar Litinin bayan asuba suka kama hanya. Goggo Mero ta zauna a baya kusa da Ruwaida, da butarta da ƙwaryar kindirmo a cinya, tana faɗa tun daga Mayo Gwoi har Kaltungo.

"Kai direba, gudun me kake yi? Bashi ka ci?"

"Mama, arba'in nake tafiya!"

"Rage!"

Suka kwana a Jos gidan wata ƴar'uwar Timoti. Da safe suka tsaya a gadar jirgin ƙasa, Ruwaida ta leƙa ta taga kawai. Suka wuce duwatsun da suka hau kan juna, Goggo ta dube su ta ce, "Ikon Allah," sannan ta tsuke baki kamar ta yi kuskure. Wajen hantsi suka sauka daga kwalta, suka bi wata hanyar burji har ta ƙare. Wani manomi ya nuna musu sawu, suka gangara a ƙafa, Siddiq yana kasa kunne ko zai ji rugugi.

Bai ji ba.

Dutsen dai shi ne, baƙi, dogo, da bishiyar nan ta cikin fim a kafaɗarsa. Amma ruwan da ke sauka bai fi zaren da ake ɗinki da shi kauri ba. Yana ɗiga cikin wani ɗan tafki mai gansakuka, ɗis, ɗis. Har kukan kurciya ana ji daga nesa.

"Masu fim?" in ji manomin. "Ai cikin Agusta suka zo, ruwa na hauka. Yanzu ƙarshen Maris, sai dai ku dawo da damina."

Siddiq ya zauna a kan dutse. Tun a gida ya lissafa mai, ya lissafa taya, ya lissafa masallatan hanya. Sau nawa ya tsayar da hoton nan yana neman allo, ga ciyawa kore shar a gabansa, bai taɓa tambayar kansa wane wata ne ba! Damina kuwa saura wata huɗu ta cika, kuma ko makaho ya san Ruwaida ba ta da wata huɗu.

Ta tsaya tana kallon zaren ruwan. Ta buɗe baki. Ta waiga ta ga Goggo, ta ga maza uku, sai ta haɗiye, ta gyara mayafi.

"Mu koma," ta ce. "Ba komai."

"Me kika zo nema a nan?" Goggo ta tambaya. Tsohuwar ta juya ga Siddiq. "Kai, a fim ɗin me aka yi a wurin nan?"

Wannan karon ya faɗa. "Kuka, Goggo. Ƙarar ruwa ta rufe, ba wanda ya ji."

Goggo Mero ta dubi dutsen, ta dubi ƙasusuwan wuyan ƴar ƙaninta. Sannan ta ajiye butarta a ƙasa.

"Ku hau sama, dukanku. Kai direba, ta da motar nan ka taka ta. Ka taka har sai na ɗaga maka hannu."

"Mama, mai fa..."

"Na ce ka taka!"

Fijo ta ɗauki ruri har tsuntsaye suka watse daga bishiyoyi. Daga kujerar gaba Siddiq yana hango su can ƙasa, ƙanana. Ya ga Ruwaida ta zube bisa gwiwoyinta. Ya ga bakinta ya buɗe, jikinta yana jijjiga kamar reshe cikin iska, tana dukan ƙasa da tafin hannu. Ya ga Goggo ta durƙusa ta rungume ta. Can kuma ya lura ba kafaɗun Ruwaida kaɗai ke rawa ba.

Sai a lokacin ya tuna shi ma bai yi ba. Ya kifa kai a kan gwiwa, abin da ya riƙe tun ranar da ya ɗauko ƴarsa ya ɓalle. Timoti ya kafe idonsa a kan sitiyari, ƙafarsa a kan totur, bai waiga ba ko sau ɗaya.

Allurar mai ta sauka sosai kafin hannu ya ɗago daga ƙasa.

Suka hauro a hankali, idanun duka biyun sun kumbura. Goggo ta shiga mota ta gyara zama. "Wannan mota taka ta cika ƙara," ta ce da Timoti. "Ban ji komai ba. Kai ka ji?"

"Ko ɗaya, Mama."

Ruwaida ta tsaya jikin tagar mijinta. Muryarta ta dishe, amma tata ce.

"Injiniya, Suwaiba kunnenka ta ɗauko. Ban taɓa gaya maka ba." Ta share fuska da gefen mayafi. "Goggo, kindirmon nan da saura? Yunwa nake ji."

Kwana goma bayan dawowarsu, Goggo Mero da kanta ta rako ta ɗakinta a Sarkin Dawaki. Har yau a Iware ba wanda ya san abin da ya faru, sun ce dai iskar Jos ta karɓe ta.

Da Siddiq ya bi zafin zuciya ya sace matarsa, da ya isa gindin dutsen nan ba shi da mai cewa a taka mota. Haƙurinsa ne ya sa tsohuwar a kujerar baya. Iyaye kuma, kunya abin ado ce, ba mai musu. Amma in kun ga ɗanku ya yi rashi ya yi shiru, kada ku yi saurin yabonsa. Ku nema masa inda zai yi kuka.