Kwanar Hagu

Ta yaya murya za ta shiga bidiyo alhali mai ita yana kabari? Tela bai sani ba. Tun rasuwar ƙaninsa shi kaɗai yake wasan tseren mota a kwamfuta, yana naɗar bidiyon, ba mai kallo. Rimot ɗin marigayin kuwa ya ƙi taɓawa.

Da dare ya kunna abin da ya naɗa. A bidiyon, cikin rurin mota, ya ji kujerar gefensa ta motsa, sai raɗa: "Yaya, dama! Dama mana, kai fa ba ka iya ba!"

Kwanar da motar ta tunkara ta hagu ce. Ƙanin bahago ne, har ya rasu hagu yake kira dama.

Tela ya jona rimot ɗin, ya ɗora kan kujerar.

"To, karɓi," ya ce.