Wanda Ke Riƙe da Rufin

Ana shirin kiran magariba ƙusa ta farko ta faɗo. Baba Kulorin, kamar yadda yara suka laƙaba masa saboda warin maganin ruwa da ba ya barin rigarsa, yana tsaye a bakin tafkin ninkaya da yake kula da shi, cikin rufaffen zaure. Ƙusar ta daki tayil dab da ƙafarsa. Da ya ɗauka, sai ta marmashe a hannunsa, jawur da tsatsa.

Washegari uku suka faɗo. Daga nan jifan ya bi shi har ɗakinsu da ke jingine da zauren. Kullum rana ta yi ja sai a ji ƙarfe yana dukan ƙofa, a leƙa ba kowa. A kwana na biyar Auta, 'yarsa mai wanke tawul, ta tsaya cak tana kallon sama, ta fara tari irin na tsoho. Ta daina ci, ta daina gane uwarta.

Aka ɗauko malami. Ya zauna ya yi ta karatu har yarinyar ta sandare, sannan ya tambayi wanda ke jikinta dalilin wannan zalunci.

"Zalunci?" in ji wata murya mai kauri daga bakinta. "Malam, tambayi ubanta."

Aljanin ya ce tun da aka gina zauren yake zaune a ƙarafan rufinsa. Ranar da manajan wurin ya sa aka kashe fankokin zuƙe iska don wai ƙararsu na damun masu wanka, aka kuma liƙe tagogi, ranar masifa ta soma. Tururin maganin nan mai tsami ya rasa mafita, yana tashi yana kwanciya a kan ƙarfe yana cinsa.

"Shi kuwa uban nata, duk inda tsatsa ta leƙo sai ya hau tsani ya rufe ta da fenti. Wata bakwai ina tallafe da rufin nan a kafaɗata. Na yi jifa, kun share kun zubar."

Zuciyar Baba ta tafasa, don gaskiya ce tsagwaronta. Sau biyu yana kai kuka wajen manaja, mutumin da ko tsani bai taɓa hawa ba, aka ce masa ya zaɓi fenti ko hanyar waje. Ya zaɓi fenti, ga shi 'yarsa ce ke shan wuyar.

Malam ya nemi aljanin ya saki yarinyar, ya kuma daure ya riƙe rufin kwana uku. Aljanin ya ce yarinya ya sake ta, amma rufi daga nan zuwa hantsin gobe ne, ya gaji. Auta ta yi atishawa ta sulale jikin uwarta. Da hantsi kuwa 'yan makaranta arba'in ke zuwa koyon iyo.

Gari na wayewa Baba ya ɗaure ƙofar zauren da sarƙa, ya sa kwaɗo, ya zauna a gabanta. Manaja ya iso ya tarar da yara cirko-cirko a waje. Ya zazzaga wa Baba rashin mutunci a gabansu, ya ce ya kore shi, ya aika a kawo zarto a yanke sarƙar. Baba ya gyara zama a bakin ƙofar.

Kafin zarton ya iso, rufin ya rufto gaba ɗaya. Ruwa ya kwararo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa takalman yaran.

Baba ya miƙe, ya kamo hannun manaja, ya danƙa masa makullin, ya wuce duba 'yarsa.