Layin da Ban Sallama Ba

Da yamma lis na fita daga gida zuwa filin jirgin sama, in taro uwargidana. An yi mata aikin ido a wani asibiti mai nisa, ita da 'yar autarmu za su sauka bayan magariba. Aike ne mai sauƙi. Na sa hulata, na ɗauki sandata, na ja ƙofa.

Ban bi titi ba, kuma ina so a san dalili. Babban titin filin jirgi tun bara aka farke shi, aka jibge tsakuwa, aka yi gaba. Gadar saman da aka ce za ta raba cunkoso ta tsaya a rabi, ƙarafa sun yi cirko-cirko a sama. Motoci kan jeru tun daga kasuwa, direbobi su kashe inji su fito hira. Shi ya sa Auta ta ce mini a waya, "Baba, ka hau sabon jirgin ƙasan nan mana. Daga babbar tasha har bakin filin jirgi zai kai ka. Ka daina faɗa da zamani."

Na ce mata ba da zamani nake faɗa ba, da sakarci nake yi.

Babbar tashar gini biyu ce. An manna sabo na gilashi a jikin tsoho, kamar sabon faci a tsohuwar riga. Mai sayar da tikiti yana danna waya, bai ko ɗago ba.

"Ta ina ake hawa na filin jirgi?"

"Bi kibiya, Baba."

"Wacce? Biyu nake gani, kowace ta juya wa 'yar'uwarta baya."

"Duk wadda ka bi ka isa."

Na tsufa a aikin koyarwa, ban taɓa ba ɗalibi maki a kan amsa irin wannan ba. Na haɗiye fushina, na bi allon da aka rubuta filin jirgin sama. A karkace yake, kusa ɗaya ce ke riƙe da shi. Ya nuna wani matattakala mai gangarawa ƙasa.

Na sauka. Hanya ce ta ƙarƙashin ƙasa, doguwa, siririya. Fitilun farko suna ci, na tsakiya suna ƙiftawa, na ƙarshe sun mutu. Ruwa na ɗiga daga rufi. Warin tsatsa, warin tsohon mai, da wani wari kamar na toka da ruwa ya jiƙa. Muryar lasifikar tasha ta riƙa ja da baya har ta ɓace. Sai ƙarar sandata kawai.

Da na hau ta ɗaya gefen, na tarar da dandamalin jiran jirgi. Bencinan katako ne, rufin kwano duk huji, jan hasken faɗuwar rana na shigowa ta hujojin. Ciyawa ta tsiro tsakanin ƙarafan dogo har gwiwa. Na ce a raina, wannan ma sai na faɗa wa manaja.

Fasinjoji kuwa maƙil. Maza, mata da ƙunshin kaya a ka, tsofaffi, duk sun cure a bakin dandamali suna turereniya. Babu mai ba wani hanya. Wani ya banke ni da kafaɗa, na ji sanyinta ya ratsa rigata. Ko juyowa bai yi ba.

Nan haƙurina ya ƙare. Na buga sanda a ƙasa, na ɗauko muryar da na saba tsayar da makaranta guda da ita.

"Wane irin rashin tarbiyya ne wannan? Ku yi layi!"

Komai ya tsaya cak.

Sai suka fara motsi. Gajeru suka dawo gaba, dogaye suka koma baya. Kowa ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar na gabansa, ya sauke. Daidai yadda nake jera ɗalibaina da safe. Ban gaya musu ba.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na sa hannu a baya, na fara tafiya a gefen layin ina dubawa, yadda na saba.

Duk wanda ya taɓa tsayar da layi ya san layi yana da rai. Wani zai yi tari, wani ya sosa ƙeya, wani ya taka na baya. Wannan babu ko ɗaya. Babu ko numfashi. A lokacin na tuna cewa ko da suke turereniya ban ji muryar kowa ba. Jan ƙafa kawai.

Na ci gaba. Waɗanda ke tsakiya sun kai tsayina. Na bayansu sun fi ni. Na bayan waɗannan sai na ɗaga kai. Na ƙarshe ya lanƙwasa wuya a ƙarƙashin rufin kwano, fuskarsa na kallon ƙasa. Tana kallona.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Da ƙyar na ciro ta.

"Baba, mun sauka. Kana ina?"

"Ina tasha," na ce a hankali.

"Ɗaga murya, ba na jin ka. Su wa ke surutu haka kusa da kai? Kamar kasuwa."

Na dubi layin. Babu bakin da ya motsa.

Wayar ta mutu.

Na juyo gaba. Jirgi yana tsaye a bakin dandamali. Ban ji zuwansa ba. Babu fitila, babu ƙugi. Ciyawar da ke ƙarƙashinsa ko ranƙwafawa ba ta yi ba.

Ƙofofin taragon suka buɗe. Duhu ne a ciki. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya bugo ni.

Babu wanda ya motsa.

Ta farko a layin wata tsohuwa ce, ba ta kai tsayin sandata ba. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, kamar ana jan busasshen ganye.

"Malam, shige gaba."

Ban gusa ba.

"Kai ka tara mu. Shige gaba."

Na so in yi addu'a. Abin da ya fito shi ne abin da harshena ya saba.

"Malami ba ya riga ɗalibai shiga. Ku wuce ɗaya bayan ɗaya."

Ta dube ni. Ta daɗe.

Sai ta shiga.

Na biyu ya bi ta. Na uku. Duk wanda ya shiga, ni kuma in ja taku ɗaya baya.

Dogon ƙarshe ya naɗe jikinsa kamar tabarma, ya shige.

Ƙofar ba ta rufe ba. Muryar tsohuwar ta fito daga cikin duhu.

"Saura kai."

Na yar da sanda.

Ban san tsoho yana gudu haka ba. Na faɗa hanyar ƙarƙashin ƙasa ina lalube bango. A bayana na ji suna saukowa daga tarago. Ba gudu suke ba. Jan ƙafa ne, a tare, a jere.

Na tsaya in ja numfashi. Suka tsaya.

Na taka. Suka taka.

Fitila mai ƙiftawa. Matattakala. Hasken gilashi.

Na faɗo cikin sabuwar tasha a kan gwiwoyina. Lasifika na magana, mutane na wucewa da akwatuna. Mai tikiti ya leƙo.

"Baba, ka fasa tafiyar?"

Motar haya na ɗauka, na shiga cunkoson da na guje wa. Na tarar da uwargida zaune a kan akwati, idanunta naɗe da bandeji, Auta ta kumbura baki.

Washegari na je wurin manajan tasha. Ya saurare ni yana juyi a kujera.

"Ranka ya daɗe, dandamalin nan an daina amfani da shi tun ina goye. Kusa ce ta fita, kibiyar ta juya."

"To me ya hana a toshe hanyar? Sai ta ci mutum?"

Na yi masa faɗa irin wanda ya kamata malaminsa ya yi masa tun yana aji uku. Kuma a karon farko a rayuwata ofis ya yi abin da na nema da sauri. Kafin mako ya fita sun toshe bakin hanyar da bulo da siminti, har da fenti.

A yammacin ranar, uwargida tana zaune a tsakar gida ta karkata kunne.

"Malam, ka koma darasin yamma ne ban sani ba?"

"Me kika ji?"

"Ɗalibanka suna ƙofa tun ɗazu. Masu ladabi, ko tari babu. Ka sallame su mana, magariba ta yi."

Na leƙa. Titi ne kamar kullum. Sai dai sandata tana jingine a jikin ƙofa. Wani mai babur ya taho, ya kauce wa wurin da babu komai, ya wuce bai sani ba.

Na daure na ce, "An tashi. Kowa ya tafi gida."

Muryar tsohuwar nan ta zo daga wajen gwiwata.

"Ba a nan ka tara mu ba, Malam."

Dokata ce. Inda aka yi layi, nan ake sallama. Na hukunta yara da yawa a kanta.

Na koma wurin manaja na ce a fasa bangon. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce toshewa aikin tasha ne, fasawa kuwa na sashen gine-gine ne. Sashen gine-gine suka ce tsohon dandamali ba ya cikin taswirarsu, in je ofishin kadarori. Ofishin kadarori suka ce oga ya tafi taro a filin jirgin sama, cunkoso ya riƙe shi. Wata sakatariya ta ba ni shawara in riƙa samun isasshen barci.

To ga maganata gare ku hukumar tasha, kuma ba roƙo nake ba. Ku kuka bar kibiya a kan kusa ɗaya. Ku kuka bar hanya a buɗe, kuka ajiye wanda ke nuna hanya da haɓa. Ba na neman a ba ni haƙuri, ba na neman a kori kowa. A kawo guduma a fasa bangon nan, a ba ni fitila, in sauka in faɗi kalmomin da suka rage. Bayan nan ku gina shi har sama.

Kuma a yi da wuri. Kullum magariba layin yana ƙara matsowa. Shekaranjiya sun wuce ƙofa. Uwargida ta ce da an kwance mata bandeji, su take so ta fara gani.

Jiya na fito daga ɗaki na same ta durƙushe tana lalube ƙarƙashin kujera.

"Me kike nema?"

"Takalmana. 'Yar ƙaramar nan ta gaba ce ta ce idan Malam ba shi da lokaci, ni in shige gaba."

Na kulle takalman a akwati. Makullin yana aljihuna. Yau da safe ta tambaye ni ko tashar tana da nisa ga mai tafiya ba takalmi.