Tsiro Biyu a Rami

A kasuwar Cadawa Hafiza ta fara ganin Mujahid, wurin awon auduga, yana nuna wa manoma hoton tsutsa a salularsa. Buhun babanta ne mafi ƙanƙanta a layin, kunya ta sa ta tsaya a gaban buhun ta kare shi.

"Gonar wa?" ya tambaya.

"Ina ruwanka?"

Ya yi dariya. Kafin damina ta faɗi, yana kiranta Farar Auduga, tana kiransa Malamina.

Da shuka ta tsiro, ya kwaso abokansa gayyar noma gonar babanta, Malam Barmo. Ya tarar da tsiro shida bakwai a rami guda, suna cunkushe. Bai tambayi kowa ba, ya sa aka rage, biyu biyu. Sun ci rabin gona sai ga Malam Barmo.

"Innalillahi! Abin da Allah Ya fitar kuke tumɓukewa? Fita! Wanda bai tausaya wa tsiro ba, ɗiyata zai tausaya wa?"

Ranar Hafiza ta aika masa saƙo: "Ilimi gare ka, hankali ne babu. Baba bashi ya ci ya sayi irin. Gaishe shi za ka yi ka tambaya, ko bakinka ciwo yake?"

"Farar Auduga, wallahi gyara na yi."

"Gyaran da ya raba mu? Ga Munir mai shagon taki nan kullum a zaure."

Bai sake kare kansa ba. Ya je ya durƙusa gaban Malam Barmo ya ba da haƙuri, aka ƙi dubansa. Ya koma, aka ƙi. Haka damina ta wuce, Hafiza na rama, Munir na aiko da goro.

Lokacin tsinka ta ƙi haɗa audugar. Ta rabin da aka rage wa tsiro gefe, ta ɗaya rabin gefe, ta jera buhunan a tsakar gida inda Baba ke alwala. 

Malam Barmo ya daɗe yana duban tulin da ya fi tsawo, na rabin da aka rage wa tsiro.

"Kira mini marar kunyar nan."

Mujahid ya zo ya durƙusa.

"Aiki rabi ka bar mini. Baɗi ka ƙarasa, amma sai ka tambaye ni."

"In sha Allah, Baba."

"To turo magabatanka."

Bayan an sayar da auduga aka ɗaura. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya raya abin da za su haifa.